Yadda Muka Je Kano Wanke Sunan Dukawan Birni

Tun da muka dawo daga Kano ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Duk fadar shayin da na zauna a Birni, unguwarmu ta Damagaram, sai wani ya matso ya ce, "Lawali, wai gaskiya ne an kama ku da hotunan banza a Najeriya?" Wani kuma ya ce shi abin da ya ji, Turawa ne suka saye shagonmu na intanet. Babu ɗaya da ya faru. Na gaji da maimaitawa, kuma duk abin da na faɗa sai an ƙara masa gishiri kafin ya iso ƙofar gidanmu. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarin sau ɗaya, wanda ya so ya yarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni baduku ne ɗan baduku, kuma ni ne sakataren ƙungiyar dukawan unguwarmu. Ba don na fi kowa iya ɗinki aka ba ni muƙamin ba, sai don na yi lakwal, wato makarantar boko, har na leƙa kolej, ina karanta Faransanci in ba a yi mini sauri ba. Shugabanmu Baba Kyari ne, dattijo mai farin gemu wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Mutum ne da ba ya dariya sai ya tabbatar babu yaro kusa.

Kafin shekarar fari wani proje, wato shirin tallafi na ƴan agaji, ya zo taimakon masu sana'ar hannu, ya buɗe mana shago a intanet, abin da suke kira sit. Mutari, ɗan ƙanwar Baba, shi ya gina shi. Ya zuba hotunan jakunkuna da zabira da takalma da kube da bulala, ya sa hoton Baba a shafin farko riƙe da basilla, da cikakken sunansa a ƙasa. Can gindin shafin akwai kontar, irin mitar nan ta kuran, wato wutar lantarki, amma shi baƙi yake ƙirgawa: duk wanda ya leƙo daga ko'ina a duniya sai lamba ta ƙaru. Daga baya Mutari ya sami aiki a Kano, ya tafi da mabuɗin sit ɗin a cikin kansa.

Sai damina ta ƙi. Kun san yadda aka yi, ba sai na tuna muku ba. Mu dukawa ba mu taɓa ganin fata ta yi arha haka ba, ba mu kuma taɓa ganin marar amfani kamarta ba, don fatar akuyar da yunwa ta kashe kana jemewa tana yagewa. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Gari ya cika da fararen motocin ƴan agaji, amma babu wadda ta taɓa kutsawa cikin yashin lungunmu. A gidaje da yawa na ƴan ƙungiya aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Abu ɗaya ne ya yi albarka a shekarar nan: kontar. Duk Jumma'a bayan masallaci nakan je siber, shagon da ake biya a shiga intanet, in duba, in dawo in faɗa wa dattawa lambar. Kullum tana hawa. Mutane dubbai suna shiga shagonmu, ko da yake har ranar babu wanda ya sayi ko da madaurin mabuɗi. Baba ya ce Turawa masu nazari ne, sai sun gama dubawa.

Ana nan sai Madam Fati, ƴar Yamai da ke riƙe da projen, ta kira mu buronta, wato ofishinta.

"Mushe Lawali, Baba, ina taya ku murna," in ji ta. "Cikin duk ƙungiyoyin da muka buɗe wa sit, babu mai baƙi kamar naku. Babban shugabanmu yana tafe daga ƙetare. In ya gamsu, za a sabunta muku tallafi, da hatsi ga kowane gida har kaka, da fata mai kyau daga kudu. Matsala ɗaya ce. Ni ban iya buɗe shi."

Ta juyo mana da ordinater, wato kwamfuta, ta rubuta adireshin. Allo ya yi ja wur. Ta ce a buronsu an saka matata, su suna ce mata filtir, wadda ke tace abin da ma'aikata za su kalla kamar yadda ake tace koko, kuma matatar ta ƙi shagonmu. Mai gyaran ordinater ɗinsu ya ce dokar daga can hedikwata take, shi ba ya da ikon taɓa ta. Lambobin da take yabo ma, a takarda ake aiko mata da su.

Na buga wa Mutari waya. Da ya gama saurarona sai ya ce, "Yaya Lawali, maganar nan ba ta waya ba ce. Ku zo da Kawu, shi ne zai yanke hukunci."

Haka muka tashi da sassafe, da buhun samfurin kaya, muka shiga wata tsohuwar bas a tasha. Kusan duk fasinjojin maza ne ƴan ƙauye masu tafiya cin rani, kowa da ƙullin kayansa a cinya, babu mai yawan magana. A Takieta wani dattijo daga ƙasar Garagumsa, Malam Habu, ya shigo da ragonsa, wanda ya rage masa ke nan, zai kai shi kusa da iyaka ko ya fi daraja. Ragon ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa. Aka cusa shi a bayan kujerarmu, kan buhunmu.

Malam Habu mai son hira ne. Ya tambayi sana'armu, na kuwa gyara zama na ba shi labarin shagon da mutane dubbai ke shiga.

"Dubbai? Masha Allah. Suna saye da yawa ke nan."

"Tukuna dai."

"Af, ashe irin rumbuna ne," in ji shi. "Shi ma jikokina suna leƙa shi safe da yamma."

Motar duka aka yi dariya, har waɗanda tun Damagaram ba su buɗe baki ba. Baba ya juya fuska wajen taga.

Ba mu yi nisa da Takieta ba motar ta yi tari ta tsaya. Direba ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai ya koma gari nemo shi. Da muka sauke kaya sai muka tarar ragon ya huda buhu, ya cinye tuntayen wata jaka da rabin maratayinta. Malam Habu ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Baba ya ɗaga jakar ya duba, ya ce, "Bar shi, Malam. Tun da aka shiga shekarar nan shi ne na farko da ya nuna sha'awar kayanmu."

Direba bai dawo ba har rana ta yi sanyi, dole muka nemi masauki a wani ƙauye da ke gefen hanya. Ƙauyen tsofaffi da mata da yara ne, majiya ƙarfi duk sun yi kudu. Wani tsoho ya shimfiɗa mana tabarma a zaurensa. Bayan magariba ya shigo da akushi a rufe, ya ajiye, ya tsaya yana ba da haƙuri tun ba mu buɗe ba. Anza ce, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, aka jiƙa aka dafa, an barbaɗa ɗan garin rogo a kai. Har yanzu da sauran ɗaci. Ni ɗan birni ne, rabona da anza tun ina yaro, loma biyu na yi maƙogwarona ya ƙi. Baba ya ci a natse kamar tuwon salla, ya sha ruwa, ya yi godiya mai tsawo. Da safe na nemi burodi da dabinon guzurinmu ban gani ba. Na fara zargin ragon, sai Baba ya ce in rufe bakina in ɗauki buhu. Muna fita na ga yaran gidan zaune a bakin danga, kowa da guntun burodi a hannu.

Muka wuce Kance da Matamai, muka rabu da Malam Habu da ragonsa a kasuwar kusa da iyaka. A ɓangarenmu jandarma suka duba katin shaida suka ce mu wuce. A ɓangaren Najeriya wani ma'aikacin duwan, su kwastan suke cewa, ya sa na kwance buhu. Ya zaro bulala guda ya kaɗa ta a iska, ta yi ƙara tsaf, ƴan cin rani biyu suka yi baya.

"Kaya mai kyau," ya ce. "Ina shagonku yake?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a intanet yake. Daga ko'ina a duniya ana iya saye ba sai an taso ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙurar da ta rufe mu har gira, ya ce, "To ku me ya fito da ku?"

Na shiga mayar da kaya cikin buhu. Ya mayar mini da bulalar yana murmushi.

Wanda bai taɓa ƙetarewa ba ya sani, Hausa ɗaya muke ji da mutanen can amma ba ɗaya ba ce. Abin da muke ce wa kabu-kabu su acaɓa suke cewa. Kuran ɗinmu shi ne wutarsu, kuma ba ta zama, shi ya sa kowane shago da injinsa yana ruri kamar ana niƙa a gari duka. Burodinsu laushi gare shi da zaƙi kamar na marar lafiya, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayi kuwa, maimakon ƴan kofuna uku da hira, sai a cika maka babbar moɗa da madara, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Amma abin da ya fi ba ni wuya a tashar Kano ya same ni. Na ɓace wa Baba cikin cunkoso, shi kuwa don ya girmama ni gaban baƙi sai ya ɗaga murya: "Mushe Lawali! Mushe!" Mu a nan duk wanda ya yi lakwal mushe ne. Su a can mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce kawai. Masu turin baro suka tsaya suna neman inda gawar take, da suka ga ni ne na amsa sai tasha ta kaure da dariya. Wata mai sayar da gurasa ta ce, "Allah sarki, farin nasu ya kai haka?"

Mun sauka a Fagge, gidan wani Alhaji mutumin Damagaram da ya daɗe a can yana saukar da ƴan gida. Zaure da soro da tsakar gida duk cike da mutanenmu, wasu na san ƙauyukansu. Aka kawo tuwon masara da miya ja da manja, malmala manya. Na ci har na ji kunya, don ina tuna akushin jiya.

Washegari muka nemi inda Mutari yake aiki, wani babban siber a bene, su kafe suke ce masa ko da yake ba a sayar da ko kofi ɗaya. Muka tarar ya fita. A bango an manna sanarwa da manyan baƙaƙe cewa an hana kallon batsa, wanda aka kama za a kore shi. Na ce kafin ya dawo bari in nuna wa Baba shagonsa, don bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Na karɓi kujera, na zaunar da shi, na rubuta adireshin da yatsa ɗaya. Allo ya yi ja, irin na Madam Fati sak. Sai dai na nan har ƙara yake yi, ɗit, ɗit, ɗit, duk ɗakin suka waiwayo.

Mai wurin, wani ƙaton mutum da carbi a hannu, ya taso. Ya dubi allo, ya dubi farin gemun Baba.

"Haba Baba! Da girmanka? Ko a gida ba ka da jikoki?"

Baba ya ce, "Ɗana, shagona nake son gani."

"Shagonka? Wato kai ne ma mai shi?"

Samari suka fara tasowa daga kujeru. Wani ya ce a kira hukuma, wani ya ce tsofaffin yanzu sun fi yara lalacewa. Ni kuwa Hausata ta gudu, sai Faransanci ke fito mini, abin da ya ƙara tabbatar musu cewa mu ba mutanen kirki ba ne. Allah ya kawo Mutari daidai lokacin. Ya ratsa su ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya ce wa maigidansa wannan kawunsa ne, liman ma yakan ba shi jan salla. Mai wurin ya ba da haƙuri, amma har muka shige ɗakin baya yana kallonmu ta wutsiyar ido.

A ɗakin Mutari ya buɗe sit ɗin a wani ordinater da ba ya bi ta matata. Baba ya ga kansa da basilla, ya gyaɗa kai. Aka gangara, ga jakunkuna, ga takalma, ga Sanusi ɗan kokowar unguwarmu tsaye ƙirji a waje, sanye da warkin da muka ɗinka da layu a damtse, riƙe da bulala.

"To ina abin kunyar?" in ji Baba.

Mutari ya sunkuyar da kai. Ya ce ita matata ba mutum ba ce, ba ta san baduku ba. Kalmomi take karantawa, kuma tana auna yawan launin fata a cikin hoto, in ya yi yawa ta ce tsiraici ne. Mu kuwa sana'armu fata ce, kowane hoto fata ne daga sama har ƙasa. Ga shi kuma lokacin da yake ginin, don masu nema su same mu da sauri, ya cika shafin da kalmomin fata, laushi, bulala, ɗauri, da Faransanci da Ingilishi.

"Kawu, ban sani ba a lokacin. Ashe a can ƙetare akwai masu wata irin lalata da ake yi da kayan fata da bulala."

"Bulala? Ta dukan jaki?"

"Kawu, ba jaki suke duka ba."

Baba ya yi salati, ya sake yi.

Sai Mutari ya buɗe wani shafi da mu ba mu taɓa sanin akwai shi ba. Ya ce kontar ƙofa kawai yake gadi, ba ya sanin wanda ya shigo ko abin da ya kawo shi. Wannan shafin shi ke nuna ƙasar da baƙo ya fito, da kalmar da ya rubuta har ya faɗo wurinmu, da daɗewar da ya yi, da ko ya taɓa maɓallin saye. Kalmomin da suka rubuta ba zan maimaita su ba, Mutari ma da hannu ya rufe rabin allon. Daɗewarsu kuwa, yawancinsu ba su kai tsawon atishawa ba: su shigo, su ga dattijo da basilla, su fice. Maɓallin saye babu wanda ya taɓa shi. Wato dubban Turawan da muke jira su gama nazari, ƴan neman batsa ne da suka yi ɓatan hanya. Su kuwa ƴan agajin da suka cika Damagaram da albashi a aljihu, waɗanda su ne za su iya sayen jaka su kai tsaraba, matatar buronsu ta tsare su daga sharrinmu.

"Gyara ba wuya," in ji Mutari. "In cire kalmomin, in cire Sanusi, in sake ɗaukar kayan a kan farin ƙyalle, in rubuta wa masu matatar su sake duba mu. Amma Kawu, ka san abin da zai biyo baya. Ranar da aka wanke shi, baƙin nan za su ɗauke. Su kuma ƴan proje lamba suke kallo. In na bar shi yadda yake, sai a ce wa shugaban matata ce ta yi kuskure, a nuna masa takarda, ku karɓi hatsinku."

Da la'asar a gidan Alhaji muka yi gardamar da ban taɓa yi da Baba ba. Na ce mu ba mu saka hoton banza ba, ba mu kira kowa ba, wanda ya shigo da mugun nufi ma takalmi ya gani ya koma, wataƙila har lada muka samu. Na lissafa masa gidajen da ke jiran hatsin nan, na ambaci matar marigayi Isufu, ɗan ƙungiyarmu, da ƴaƴanta, na ce a jinkirta wankin har shugaban ya zo ya tafi. Har yau ban ga inda maganata ta karkace ba.

Baba ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Lawali, kafin yau ban sani ba, ba ni da laifi. Yanzu na sani. In baƙon nan ya tambaye ni su wane ne masu shiga shagona, me zan ce masa? Kuma sunan da ke ƙarƙashin hoton nan ba nawa ba ne ni kaɗai, har da na ubana."

Na ce, "Baba, suna ba ya shiga tukunya."

Ya dube ni har na sunkuya. Sai ya tashi ya yi alwala. Da safe ya ce wa Mutari a wanke.

Kafin mu juyo muka kai samfurin kasuwa. Wani ɗan kasuwa ya juya kayan, ya yaba ɗinkin, ya kushe fatar, ya taya kamar yana yi mana alfarma. Muka sallama, har da jakar da rago ya ci rabi. Abin da muka samu muka sayi masara da garin rogo, muka ɗora a mota. Dawowar ba ta da labari, sai dai daga Matamai zuwa gida duk inda muka tsaya idon mutane a kan buhunan yake, ba a kanmu ba. Da aka raba wa gidajen ƙungiya, abin bai kai ko'ina ba.

Mutari ya cika alkawari. Bayan ƴan makonni Madam Fati ta kira ni da murna, sit ya buɗe a buronta. Ni kuwa na riga na je siber na ga kontar ya tsaya cik kamar jakin da ya ga rami. In ya motsa ma, ni ne na shiga dubawa.

Ranar da shugaban ya zo aka jera mu a ɗaki mai sanyi tare da sauran ƙungiyoyi. Bature ne mai fara'a, ya miƙa wa Baba hannu biyu. Aka haska shagonmu a bango, ya yaba hotuna, ya ce aikin hannu irin wannan ya yi ƙaranci a duniya. Sai aka haska zanen yawan baƙi, layi ya hau ya hau kamar dutse, sannan ya faɗo ƙasa tim. Fara'ar ta ragu. Ya tambayi me ya faru.

Baba ya miƙe ya faɗi gaskiya tun daga farko, ni ina juyawa da Faransancina na kolej, gumi na keto mini cikin sanyin nan. Da na zo kan bulala Baturen ya yi ja har kunne, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce bai taɓa jin gaskiya irin wannan ba a duk yawonsa, kuma zai ba da labarinta a hedikwata. Sannan ya ce abin takaici, ma'aunin da aka amince da shi yawan baƙi ne, shi ba ya da ikon canza shi. Tallafin ya tafi ga wata ƙungiyar masu saƙa da baƙinta suka ƙaru. Daga baya na ji cewa ɗan shugabarsu ne ke da siber, ya saita duk ordinater ɗinsa su riƙa buɗewa da shafinsu. Ban tabbatar ba, kuma ban ga laifinsu ba, su ma da yunwarsu.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Ƴan ƙungiya suka rabu biyu, wasu suka ce Baba ya yi abin da dattijo zai yi, wasu suka daina zuwa rumfarsa. Dukawa uku suka rufe shago suka bi ƴan cin rani. Sanusi ɗan kokowa ya tare ni a hanya, ransa a ɓace, wai wa ya ba mu izinin cire shi bayan an gaya masa Turawa dubbai suna kallonsa. Na ce masa hoton ne ya tsufa. Baba ya sayar da keken ɗinkinsa da babbar rigarsa ta salla, kuma ko bai faɗa ba kowa ya san inda hatsin gidan marigayi Isufu ya riƙa fitowa har aka yi ruwa.

Bayan an yi shuka, wata ranar Talata muna zaune a rumfa, sai ga wata mata ta ratso yashi a ƙafa, riƙe da takarda mai hoton takalmi. Ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙungiyar agaji, baƙuwa daga wata ƙasar bakin teku, ta ga shagonmu a ordinater na buronsu, ta yi ta tambaya har aka nuno mata lungun. Baba ya sa aka shimfiɗa mata buzu, aka kawo ruwa, ya auna ƙafarta da kansa. Ta yi ciniki kamar ƴar kasuwar Dole, babbar kasuwar garinmu, ta rage kusan rabi, ta sayi ƙafa ɗaya ta tafi.

Baba ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya juyo ya ga babu yaro kusa, sai ya yi dariya har gemunsa na rawa.

"Sakatare," ya ce, "je ka gaya wa Madam an yi ciniki. Ka ce mata mutum ɗaya ce, amma takalmi ta zo nema."